Mahaucin Injina

Shekaru da dama na yi ina sayar da tuwo da shinkafa a bakin get ɗin wani kamfani a Kakuri, cikin Kaduna, kuma duk cikin mazan da suka ci abincina babu wanda ya ba ni haushi kamar Sylvanus. Ba cutata ya yi ba. Irin mutanen nan ne da za ka so ka kama kafaɗunsu ka jijjiga ko magana za ta faɗo. Sunana Esther, amma a Kakuri da Maman Matthew aka san ni. Gidan haya ɗaya muka zauna da shi da matarsa Juliana a unguwar Nasarawa, ɗakinsu na kallon nawa, don haka na san shi a wurin aiki, na kuma san shi a gida.

Kamfanin ba sai na kira sunansa ba, ya daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye harabar. Aikinsa shi ne ƙera wa masaƙu kayan gyara, haƙoran inji da sanduna da makamantansu. Lokacin da kuɗin mai ke zuba kamar ba za su ƙare ba, aka sayo injina takwas daga Turai masu sassaƙa ƙarfe da kansu. A saka musu wani dogon tef na takarda mai huji-huji, su karanta, su yi ta yanka ƙarfe yadda tef ya ce. Kowane inji da mutum ɗaya a kansa. Abin da ke motsa wuƙar injin shi ne moto, amma ba irin moton fanka ko na injin niƙa ba, wanda in ka kunna sai gudu. Wannan yakan tafi, ya tsaya cak, ya dawo baya da kaurin gashi. Kada a yi mamakin inda mai tuwo ta san wannan. Mai abinci kunne gare ta, kuma maza in sun ƙoshi ba su da wata hira sai ta aikinsu.

Kula da waɗannan motoci shi ne aikin Sylvanus. Mutumin wajen Zonkwa ne, dogo, ramamme, yana tafiya a ɗan sunkuye kamar mai neman abin da ya yar. Ya zo Kaduna yana saurayi ya koyi naɗin waya a wajen wani maigida a kasuwar Kakuri, ya yi shekaru yana gyaran fankoki da famfunan ruwa kafin kamfani ya ɗauke shi. Da Baturen da ya zo kafa injinan ya iso, shi aka haɗa da shi ya riƙa ɗaukar masa akwatin aiki, a nan ya koyi motocin. Ba ya amfani da ido sosai. Zai ɗora bakin sukuddireba a jikin moto, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. In ya ɗago ya ce sai jibi, to sai jibin.

Akwai wani guntun bututun ƙarfe da yake ratayewa a ƙusa bisa bencinsa. Daga baya na san amfaninsa. A cikin gangar irin wannan moto akwai maganaɗisu, mayen ƙarfe, kuma shi ne ƙarfin moton. In aka zare amecha, wato abin da ke juyawa a ciki, aka bar gangar wayam ko na ɗan lokaci ne, ƙarfin mayen ƙarfen sai ya tsere, kuma babu mai dawo da shi a duk Kaduna. Shi ya sa amecha na fita ta nan, Sylvanus na tura bututun ta can ya tsaya a gurbinta. Doka ɗaya ya kafa a wokshof: kada wanda ya buɗe moto in ba ya nan. Amma dalili? Ko sau ɗaya bai faɗa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Na ce kada a buɗe." Ma'aikata kuwa suka ɗauka rowar sani ce, yana tsoron kada wani ya iya a kore shi. Ni ma haka na ɗauka.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Kayan gyara suka daina zuwa. Ana nan kuma labari ya zo cewa masu ƙera moton a can ƙasarsu sun daina yin irinsa gaba ɗaya, sun koma wani sabon samfuri da ba ya shiga waɗannan injina sai an canja rabin injin, kamfani kuwa ba shi da kuɗin waje na yin haka. Wayar da ta ƙone Sylvanus yana sake naɗa ta. Ɗan gawayin da ke kai wa amecha wuta, in ya cinye, yana feƙe wani ya saka. Amma akwai abubuwan da hannu ba ya yi, kuma in ɗaya daga cikinsu ya mutu, babu inda za a samo shi sai a jikin wani injin.

Foman ɗinsu, Mista Benson, wanda ke zaune a Barnawa, shi ya kawo dabarar. A duba injin da ya fi rauni a tsayar da shi, a riƙa cire kayansa ana ciyar da sauran. Wa zai faɗi wanda ya fi rauni? Mai sukuddireba a kunne. Abin da ba a faɗa wa Sylvanus ba a ranar shi ne, in inji ya tsaya, mutumin da ke kansa ma ya tsaya. Injin Albert aka fara da shi. Ranar Litinin Sylvanus ya nuna shi, ƙarshen wata aka sallami Albert, mai mata da 'ya'ya huɗu.

Daga ranar sunansa ya koma Mahauci. Ba a gabansa ba, amma yana ji. Masu ofis suka sami abin da suke so: su ke kora, amma hannun wani ke nunawa. Wanda aka sallama ba ya zagin manaja, wa ya taɓa ganin manaja? Sylvanus yake zagi. Na sha ganin yadda in ya zo bencina maza ke matsawa su bar masa fili kamar mai ƙazuwa, kuma waɗannan mazan ne dai za su bi shi gida da yamma da doya ko zakara. Yakan mayar da komai. Juliana ta yi ta mita a kan zakarun nan, shi kuwa ya ce naman zai tsaya masa a wuya. Ya kuma ƙara wa kansa wata doka, cewa ba mai jin sunan injin da za a yanka daga bakinsa kafin foman ya ji, ko da matarsa ce. Yana ganin wannan shi ne adalci. Wataƙila haka ne, amma ni na ga abin da adalcin ya haifa.

Ban ce ba ya jin ciwo ba. Kowane inji sai da ya yi fama da shi kafin ya sallama. Yakan yi mako yana naɗa waya siririya kamar zare, idanunsa su kaɗa su yi ja, don ya ƙara wa wani mutum wata uku a wurin aiki, mutumin da in sun haɗu a hanya ba zai gaishe shi ba. Ranar da zai kai suna ofis ba ya cin abinci. Zai zo ya zauna, in zuba masa, ya yi ta juya cokali har miya ta huce.

Shekara na bin shekara, injina na raguwa. Bayan wokshof ya cika da gawarwakinsu, an lulluɓe su da tamfol. Zuwa daminar 1987 saura biyu ke aiki. Ɗaya na Malam Musa ne, dattijo mai sanyin hali daga Unguwar Mu'azu, wanda ba ya cin abincina sai dai ya sayi ruwan sanyi ya yi min barka da rana. Ɗayan na Bitrus ne, ƙanin Juliana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bitrus kuwa Sylvanus ne ya ɗauko shi daga ƙauye. A ɗakinsu ya kwana shekara biyu a kan tabarma, shi ya roƙi foman aka ɗauke shi, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa da Comfort. Bitrus mutum ne mai fara'a da surutu, mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci, kowa nasa ne. In ya zauna a bencina sai cinikina ya ƙaru. Ina sonsa a lokacin, ban ɓoye ba.

Shekarar ba ta da daɗi. Watannin baya kaɗan aka yi tashin hankalin da ya faro daga Kafanchan ya watsu, kuma ko da ƙura ta lafa, mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a benci ɗaya sun fara zama gefe-gefe. A cikin wannan hali Mista Benson ya ce aiki ya ragu, inji ɗaya ya isa, ɗayan za a ajiye shi ya zama abincin wanda ya rage. Ya ba Sylvanus zuwa ƙarshen wata ya kawo suna.

A daidai lokacin kuma babban moton injin Bitrus ya fara kuka. Wani siririn ƙara ne, ko ni daga get ina jin sa in iska ta juyo. Sylvanus ya kara sukuddireba, ya saurara, ya ɗago bai ce komai ba. Ya je na Malam Musa, ya saurara, ya daɗe, nan ma bai ce komai ba.

Da rana Bitrus ya tare shi a bencina.

"Yaya, me ka ji?"

"Na ji abin da na ji."

"Haba Yaya, ni ne fa. Ko da ido ne ka yi min alama."

"Ci abincinka, Bitrus."

A gida ma haka. Ta bango ina jin Juliana tana roƙon mijinta, wanda take kira da sunan 'yarsu. "Baban Judith, yaron nan ba ya barci. Comfort ga ciki. Kalma ɗaya ce, ka ce masa ya kwantar da hankalinsa." Shi kuwa sai ya ce ranar da ya fara raɗa wa nasa, ranar ya zama abin da ake kiransa. Ta ce ai tuni ake kiransa, me ya rage?

Ranar Asabar ana yin rabin yini. Wannan Asabar ɗin Sylvanus bai zo ba, ya nemi izini ya tsallaka gada bai faɗa wa kowa inda za shi ba. Wajen hantsi sai ga Bitrus ya leƙo ta get, ya ce in ara masa tsohuwar roba da ɗan kananzir zai wanke wani abu. Na ba shi. Da aka busa jiniyar tashi ya dawo min da robar, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwa, yana murmushi.

"Maman Matthew, na yi maganin kukan nan. Ashe ba wani abu ba ne, datti ne da ƙarancin giris. Na zare hanjin na wanke shi tas na mayar. Yaya yana ta yi mana kamar wani asiri ne."

"Ba ya ce kada a buɗe ba?"

"Ya ce. In na zauna jiran bakinsa, sai dai in ji sunana a ofis. Ke dai kada ki faɗa."

Ranar Litinin moton ya tashi lafiya, kukan ma ya ragu. Amma da wuƙa ta taɓa ƙarfe sai ya fara nishi, ya yi zafi, ya tsaya. Aka sake, ya sake tsayawa. Sylvanus ya zo ya dafa shi, ya juya sandar da hannu, ya ji ta tafi sululu babu wani riƙo, ƙarfin mayen ƙarfe ya tsere. An ce ya daɗe a tsugune a wurin. Sannan ya dubi kan ƙusoshin, ya ga sabon tabon sufana, ya ɗago ya dubi Bitrus. Bitrus ya kau da kai.

Da rana ya zo bencina bayan kowa ya watse. Na zuba masa bai taɓa ba. Ya sa hannu a aljihun obarol ya ciro wani abu a naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya ajiye a kan tebur. Boris ne, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar moto ke juyawa a ciki, sabo, ɗan ƙarami.

"Kasuwar Panteka na je ranar Asabar," ya ce. "Yini na yi ina tonon tsofaffin ƙarafa kafin na samu daidai da nasa. Abin da ke kuka ke nan. Aikin rabin rana ne."

"To na Malam Musa fa?"

"Nasa ne mai rauni. Shi zan kai suna." Ya ture kwanon gefe. "Dā."

Na ji kamar in kifa masa tukunyar miya. Na ce, "Kai Sylvanus, kana da wannan a ranka ka bar yaro yana mutuwa a tsaye? Bakinka ɗinke shi aka yi?" Na faɗa masa ni na ba da robar da kananzir, na san komai. Ya ce in na san komai to in riƙe bakina. In ofis suka ji ma'aikaci ya buɗe moto ya kashe shi, ba sallama za su yi masa ba, kora ce, babu giratuti babu takardar shaida, wataƙila har da 'yan sanda. Garin neman gira Bitrus ya rasa ido, amma shi Sylvanus ba zai ƙarasa shi ba.

Hanya tana nan a buɗe, kuma kowa ya san ta. Sylvanus ya kai sunan Malam Musa kamar yadda ya yi niyya tun farko, a tsayar da injinsa, a cire motonsa mai rai a ɗaura wa na Bitrus. Shi ke riƙe da sufana, foman ba ya gane komai sai abin da ya faɗa masa. Juliana ta san da haka, domin Bitrus ya je ya same ta yana kuka, ya ce motonsa ya lalace haka kawai, Yaya ne kaɗai zai cece shi. Bai faɗa mata ya buɗe ba.

Yammacin nan a tsakar gida ta tare shi, a gaban mutane, ga tukunya a wuta.

"Baban Judith, naka sai naka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka canja musu moton."

"Injin Malam Musa yana aiki. Na Bitrus ba ya yi."

"Kai za ka sa ya yi!"

"Ba zan ɗauki abincin mutum in toshe ramin da ba shi ya haƙa ba."

"Wane rami? Wa ya haƙa?"

Nan ne wurin. Nan ne ya kamata ya buɗe baki ya faɗa wa matarsa a cikin ɗaki, ita kaɗai. Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuci. Ya ɗauki bokitinsa ya shige banɗaki.

Ƙarshen wata ya kai sunan injin Bitrus. Foman ya tambaye shi me ya kashe moton, ya ce tsufa. Aka sallami Bitrus da haƙƙinsa cif, da takardar yabo.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. A shekarar da kowa ke ƙirga nasa, labari ya zaga unguwannin Nasarawa da Television cewa Sylvanus ya sayar da ƙanin matarsa ya ceci wani can. Wasu suka ce an ba shi rago. A coci bencin da yake zama ya riƙa zama da fili a gefensa. Matan zumunta suka zo gaishe da Juliana kamar an yi mata mutuwa. Surukarsa, tsohuwa, ta aiko daga ƙauye cewa kada ya taka mata gida. Shi kansa Malam Musa, bawan Allah, da ya ga yadda ake kallonsa sai ya daina tsayawa sayen ruwa a wurina, bai kuma taɓa sanin cewa sunansa ne a bakin Mahauci har ranar Asabar ɗin nan ba. Bitrus kuwa bai zagi yayansa ba ko sau ɗaya. In an zage shi a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A bar wa Ubangiji." Mutane suka ce kai, wannan yaro akwai haƙuri.

Na jira har aka biya Bitrus ya kwashe iyalinsa ya koma Kakau, inda ya sami gona a bakin hanya. Sannan na shiga ɗakin Juliana na faɗa mata komai, robar, kananzir, boris ɗin Panteka. Ta saurare ni tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, "Maman Matthew, na san kina da baki, amma ban san ya kai nan ba. In haka ne me ya hana shi faɗa? Me ya hana Bitrus faɗa?" Ta ce in fita mata daga ɗaki. Muka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na faɗa wa wasu mata biyu a coci, suka dube ni kamar na zo da tallan abin da ba a ci. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai zauna a unguwarmu ba.

Juliana ba ta bar shi ba. Tana dafa masa, tana wanke masa obarol, tana ajiye kwano a gabansa ba tare da ta dube shi ba. In Kirsimeti ta zo sai ta ɗauki 'ya'ya su tafi Kakau, shi ya zauna a ƙofar ɗaki da rediyo. Ni ke miƙa masa shinkafa.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Injin Malam Musa, da ma shi ne mai rauni, Sylvanus ya yi ta lallaɓa shi da kayan gawarwakin da ke bayan wokshof har shekara guda da wani abu, sannan ya tsaya tsayawar da ba tashi. Ranar da ya kai wannan suna na ƙarshe, Mista Benson ya yi masa godiya, ya ce tunda babu sauran moto, babu sauran aikin mai gyaran moto. Tare suka fito get da Malam Musa, kowa da jakarsa. Sylvanus ya fito da bututun ƙarfen nan a hammata, mai gadi ya duba ya ga ba abin kirki ba ne ya bar shi. Ni ma ban daɗe ba na tattara tukwanena, don ba a sayar wa ciyawa tuwo.

Ya kafa 'yar rumfa a bakin titi kusa da gida, ya koma inda ya fara, fanka da famfo da moton injin niƙa. Ni kuma na koma soya ƙosai da doya a gefensa. Mutumin da ke jin numfashin inji ta sukuddireba ya koma jayayya da mata a kan fankar da ɓera ya ci wa waya. Bai yi ƙorafi ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Bitrus a can Kakau abin ya karɓe shi. Masara ta yi, ya sayi injin niƙa, aka naɗa shi dattijon ikilisiya.

Wata rana a ƙarshen 1989 wata a-kori-kura ta tsaya a gaban rumfar. Bitrus ya sauko, ya yi ƙiba, ga hula. Shi da direba suka sauke wani moto da ya ƙone, na injin niƙansa, suka ajiye a gaban benci. Tun ranar sallama ba su tsaya fuska da fuska ba. Daidai lokacin Juliana ta fito da kwanon abincin mijinta, ta ga ɗan'uwanta, ta tsaya.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Sannu, Bitrus. Ya gida?"

"Lafiya." Ya dubi moton, ya dubi ƙasa, ya goge hannunsa a riga ko da yake babu komai a hannun. Sannan ya ce a hankali, "Wannan ban buɗe shi ba."

Na bar ƙosai a cikin mai na juyo. Juliana nake kallo. Ta ji. Na ga kwanon ya karkata a hannunta har miya ta zubo a gefe, na ga ta dubi ƙaninta, ta dube ni, ta dubi mijinta da ya tsufa a zaune a kan benci. Ta gane sarai, ko a gaban wa zan faɗa. Na ce a raina, to yau dai. Bitrus zai ƙarasa, ko ita ta tambaya.

Sylvanus ya duba kan ƙusoshin ya ce, "Na gani. Ka dawo jibi."

Bitrus ya gyara hularsa ya dubi titi. Juliana ta ajiye kwanon, ta goge miyar da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa. Da ta ɗago sai ta ce, "Ka gani ko, Baban Judith? Duk abin da ya faru, ga masu gyara cike da gari, amma ya tsallake su ya kawo maka aiki. Ai sai ka gode masa."

Sylvanus ya ɗago kai ya dubi Bitrus.

"Na gode," ya ce.

Bitrus ya amsa da "Ba komai, Yaya," ya shiga mota suka tafi. Juliana ta koma cikin gida. Shi kuma ya jawo moton gabansa ya fara kwance ƙusoshi. Ƙosaina ya ƙone ƙurmus a cikin kasko, na kwashe na zubar.